Ƙwaryar da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Angareb

A bakin tur'a na fara jin labarin dokar, wato babbar magudanar da ke kai ruwa gonakinmu na auduga. Ina wanki, wani maƙwabcinmu ya ajiye rediyonsa a kan dutse yana alwala. Aka ce gwamnati ta yi doka, ta kafa majalisar raya al'adu da fasaha ta ƙasa baki ɗaya. Ban kula ba. Sai bayan sati biyu shugaban lajna, wato kwamitin ƙauyenmu, ya bi gida-gida yana cewa za a rubuta duk masu wasan gargajiya, kuma ranar Talata wata ma'aikaciya za ta zo daga birnin Sinja ta saurari matanmu.

Masu wasa a ƙauyenmu kuwa mu ne. Surukata, wadda nake kira Inna, ita ce uwar kiɗan ƙwarya. In ana biki ko suna, a cika babban daro da ruwa, a kifa ƙwarya a kai, ta riƙe sanduna biyu tana ba da waƙa da Hausa, mu muna amshi.

A lokacin 'yata ta fari ta isa shiga makaranta, amma lambarta ta 'yar ƙasa, raƙam waɗani, ba ta fito ba. Sau biyu muna zuwa Sinja da babanta, ana ce mana mu kawo shaidun da suka san kakanninta a nan suka zauna. Ni aji uku na yi na bari, amma na san abin da ya shiga littafin hukuma ba ya fita. In aka rubuta gidanmu da waƙar Hausa, ashe ba mu miƙa hujja da hannunmu cewa mu baƙi ne ba?

Na sami Inna tana tsince wake.

"Inna, ranar Talata mu yi musu dalluka."

"Dalluka? Ke ɗiyar nan, mi ya same ki? Hannuna bai san fata ba, ƙwarya ya sani."

"Don yarinyar nan, Inna."

Ta dubi jikarta da ke wasa a ƙofar ɗaki, sannan ta ce, "To."

Muka aro dalluka, gangar matan Larabawa, daga ƙauyen da ke gaba da mu. Ƙwaryar Inna kuwa ni da kaina na tura ta ƙarƙashin angareb ɗina, gadon igiyar da nake kwana a kai, na lulluɓe ta da tsohon tob, mayafin da muke naɗawa. Kwana uku muna koyon waƙoƙin Larabci. 'Yan matanmu sun iya, ai da shi suke mafarki. Inna ce dai Larabcinta na kasuwa ne, na cinikin kuɓewa, in ta ja baiti sai su tuntsire da dariya.

Ma'aikaciyar ta zo da hantsi cikin farin tob, dattijuwa mai tabarau. Muka zaunar da ita a rumfa, aka kawo mata gahawa a jabana, muka fara. Kowa na kallon fuskarta, ni hannunta nake kallo. Wayar da ta kawo don ɗaukar murya tana kan cinyarta, ba ta taɓa ta ba. Biron ma ba ta cire masa marfi ba.

Da muka kai ƙarshen waƙa ta uku ta ce wa Inna da Larabci, "Ya haboba, kakata, ki yafe mini, dalluka a gidanmu na baro ta. An ce mini a nan akwai masu kaɗa ƙwarya a kan ruwa. Ina suke?"

Inna ta nuna ni da haɓa. "Tambayi ministarmu ta al'adu, ga ta nan da goyo."

Mata suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na tashi na ce, "Ya ustaza, in mun yi, me za ki rubuta a kanmu?"

Ta dube ni ta saman tabarau, ina jin ta gane. Ta miƙo mini takardar, ta karanta mini layi-layi: sunan wasa, garin da ake yin sa, jiha, wadda ke jagoranta. Na bi haruffan da yatsa a hankali. Na gane sunan ƙauyenmu, na gane Sinnar, jiharmu, dama an riga an cike su. Na juya bayan takardar ko akwai wani layin na ƙabila ko asali. Babu.

Na shiga ɗaki na jawo ƙwaryar.

Inna ta fara da waƙar da ta gada wurin uwarta. Tun da na zo gidan nake amsa wannan waƙa, ban taɓa sauraron abin da take faɗa ba sai ran nan. Tana maganar matan da suka kai wa mazansu abinci ranar da aka fara sakin ruwa a tur'armu, da ƙaiƙayin tsinkar auduga, da ɗan'uwa da ya tafi kiwo bakin kogin Dinder bai dawo da wuri ba. Duk wurin da ta ambata, na taɓa taka shi ko na san wanda ya taka. Ma'aikaciyar ta ɗaga wayarta har hannunta ya gaji ta canja ɗayan.

Kafin ta tafi na roƙe ta kwafin takardar, ta ba ni da hatimi a kai. Na sa ta cikin takardun 'yata.

Ranar da muka koma Sinja da dattawa biyu masu shaida, na tsaya a ƙofar ofis ina shawarar ko in zare takardar wasan. Na bar ta. Mai karɓar takardu ya buɗe, ya karanta ta har ƙarshe, ya miƙo mini abata.

"Wannan ba ma buƙatarta, ya 'yar'uwa. Shaidun sun isa."

Lambar ta fito bayan an gama tsinkar auduga, 'yata ta shiga aji ɗaya. Takardar wasan tana nan a akwatina. Dallukar kuwa sai da masu ita suka aiko sau biyu kafin muka tuna muka mayar, kuma har yau Inna ba ta daina kira na minista ba.