Baƙin Faifan Jibirin da Muryar Malam Sabi'u

Jibirin mai faifai bai taɓa yarda cewa faifan CD duk ɗaya ne ba. Shagonsa na jikin nawa a kusa da tashar Gwarzo, ni ina ɗinki, shi yana ɗora wa mutane wa'azi da waƙa a faifai, don haka na sha wannan karatu har na haddace ba da son raina ba. Mai bayan zinariya, in ji shi, na kalangu ne. Mai shuɗin baya na waƙar mata. Farin nan na araha kuwa sai wanda ba ya ganin girman kunnensa. Baƙin faifai shi ne babba, kuma ba ya ɗora masa komai sai muryar dattijo, don a cewarsa shi kaɗai ke riƙe nauyin magana.

Ɗan Kutama ne, gidansu manoma, amma tun yana saurayi aka gane fartanya ba ta karɓe shi ba. Da kaset ya fara, yana naɗe zaren da biro. Da faifai ya shigo, ya sayar da ɗan maraƙinsa ya sayi kwamfuta, abin da yayyensa ba su yafe masa ba har yau. Wani malamin sakandare ya taɓa zama ya yi masa bayani cewa kwamfuta lambobi take kwafewa, ko a wane faifai aka zuba su sauti ɗaya ne. Jibirin ya saurare shi da ladabi har ya gama, sannan ya ce ai ko tuwo ɗaya ne, na akushi daban, na roba daban. Ni dai a raina na san malamin ne da gaskiya, amma ban faɗa ba, maƙwabtaka ta fi ƙarfin wannan.

Da katin memori na waya ya zo, kasuwar faifai ta mutu a tsaye. Jibirin ya koma cajin waya, sai dai ya ɓoye sauran baƙaƙen faifansa a cikin gwangwani, a naɗe da tsumma. Ko taɓawa ba ya bari a yi.

Ana nan sai ga wani magidanci daga Dugabau, Mahbub, ya yi sallama. Mahaifinsa Malam Sabi'u ya rasu bayan girbi. Manomi ne da aka sani da gardama, kullum bayan la'asar yana zaure yana kayar da mutane a kan maganar iri da damina. Abin da ya rage na muryarsa a duniya guda ɗaya ne. Wani malamin gona ya taɓa tambayarsa labarin irin dawa na da, ya kunna waya tana ɗaukar maganar, shi kuwa Malam ya yi ta bayanin fifikon kaura a kan farfara har cajin wayar ya ƙare. Mahaifiyar Mahbub, Uwaliya, tana takaba, tana son ta riƙa ji. An ba ta a waya ta ƙi, ta ce ba za a sa mata maigida a aljihu ba. Tana da rediyo mai cin faifai a gefen gadonta, a nan take so.

Jibirin bai yi shawara da kowa ba ya buɗe gwangwani. Ranar na ga mutum yana ɗora sauti kamar mai yanka ragon suna.

Ba a yi mako ba Mahbub ya dawo da faifan. Ya ce Inna ta ce maganar tasa ce, amma mutumin ba shi ba ne. Jibirin ya ce wataƙila marigayin mai zaƙin murya ne, ya ɗora a na zinariya. Wannan ma aka dawo da shi. Jibirin ya runtse ido ya ɗora a shuɗi na waƙar mata, yana neman gafarar mamacin. Shi ma ya dawo. Na fara yi masa tsiya ina cewa saura murfin tukunya bai gwada ba.

A zuwan ƙarshe ne Mahbub ya faɗi abin da ya kashe mini dariya. Ya ce Inna ta daina zargin faifai. Yanzu cewa take ita ce ta manta muryar, tun ba a yi nisa ba, bayan zaman shekara arba'in. Ta rage cin abinci, ta juya rediyon ya fuskanci bango. Wannan magana ta tsaya mini a rai, na ji kunyar tsiyar da nake yi.

Washegari Jibirin ya rufe shago, ya ce in kai shi Dugabau a babur ɗina. Ya tabbata laifin rediyon ne.

Mun isa bayan la'asar, aka yi mana shimfiɗa a zaure. Muka gaisa da Uwaliya ta bayan bango, muka yi mata ta'aziyya, ta amsa a hankali. Mahbub ya fito da rediyon. Jibirin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ba zai sa baƙin faifansa a bakin abin da bai yarda da shi ba sai ya gwada. Ya zaro wani fari na araha da ya kwafi muryar a kai don gwaji, duk ya kakkarce, ya saka.

Malam Sabi'u ya yi gyaran murya, ya shiga bayanin cewa duk wanda ya bar kaura ya shuka sabon iri to cikinsa ne zai ba shi labari. Muryar ta cika zauren.

Dakan da ake yi a cikin gida ya tsaya. Sai muka ji Uwaliya daga tsakar gida, da ƙarfinta, ba irin muryar da ta gaishe mu da ita ba.

"Malam, a rage murya mana, maƙwabta na ji."

Malam ya ci gaba da zagin sabon iri. Can muka ji kukanta, ba mai ƙarfi ba, sannan ta ce, "Shi ne. Ku bar shi a nan."

Mahbub ne ya yi mana bayani daga baya, yana share ido. A cikin gida mahaifinsa ba mai magana ba ne, daga "sannu da aiki" sai "ina butata". Wannan muryar ta gardama, Inna ba ta taɓa jin ta a kusa ba. Kullum ta bayan bangon zaure take iso mata, tana tankaɗe ko tana tsince shinkafa. Mu kuma muka ɗauke ta muka kai mata har bakin gado.

Mahbub ya tambaya ko yanzu a canza a sa baƙin, tunda shi ne mai kyau. Jibirin na riƙe da shi a hannu. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar cikin tsumma ya ce kada a taɓa wanda ke ciki.

A hanyarmu ta komawa, mun wuce Kabo ke nan, sai Jibirin ya matso kusa da kunnena ya ce dama ya sha faɗa, baƙin faifai da bangon ƙasa aikinsu ɗaya, riƙe nauyin magana. Bai taɓa faɗa ba, amma na ce haka ne.

Rediyon na zauren har yanzu. Bayan la'asar Mahbub yakan kunna, tsofaffin unguwa su zauna su yi ta musu da marigayin, kuma har yau babu wanda ya kayar da shi. Da damina ta faɗi zauren ya fara yoyo, Mahbub ya ce bari ya mayar wa Inna da rediyon ɗaki. Ta hana.

"Shekara arba'in bai shigo mini da gardamarsa ciki ba," in ji ta. "A gyara masa rufin."