Gwaggo da Mai Kaki

Gwaggona, yayar mahaifina, ta fi shekara arba'in tana haɗa wa matan unguwar New Bell maganin shawara da na jego, amma ba ta taɓa yarda a kira ta mai magani ba. Idan an tambaye ta sai ta ce ita ganye kawai take dafawa.

Daminar da shawara ta kwantar da ni, na ɗauki hutu a ofis na koma gidanta jinya. Ina shan maganin asibiti, ita kuma ta dage sai na haɗa da nata. Saiwar rawaya ta sa aka kawo daga Ngaoundéré ta hannun wani Bakano mai sayar da atamfa a Kasuwar Kongo. Sati biyu muna jira.

Ranar da ta dafa, da hantsi, tukunya na gefen murhu tana hucewa, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gwaggo ta leƙa ta ga kaki. Ban san tsohuwar nan na da sauri haka ba. Ta sungumi tukunyar da zafinta ta tuttular a kwata, ta cusa sauran saiwar ƙarƙashin tabarmar da nake kwance.

Mai duba mitar ruwa ne. Ya gaishe mu da Faransanci, ya rubuta lambarsa, ya wuce.

"Haba Gwaggo! Sati biyu fa! Mutumin nan ko tukunyarki bai kalla ba."

"Ke yarinya ce. Su ba sa kallo da ido."

Tana wanke tukunyar ta ba ni labarin da na sha ji. Zamanin Faransawa, tana ƙarama, jandarma suka shigo gidansu suka ce uwarta matsafiya ce. Suka ɗora wa uwar tata ƙullin magungunanta a ka, suka tasa ƙeyarta ta tsakiyar unguwa har ofishin Bature. Aka ƙone komai, har da kanwar miya. Kwana uku ta yi a tsare.

Na ce mata Faransawan nan sun tafi tun ba a haife ni ba. Ta ce, "Sun tafi da kakin ne?"

Da na warke na ce zan kawo ƙarshen wannan ɓoye-ɓoye. Na je wani ofishi da ake yi wa masu maganin gargajiya rajista. Sau huɗu ina zuwa. Yau mai hatimi ba ya nan, gobe a kawo hoto, jibi a rubuto sunayen itatuwa da Faransanci. Ina zan samo sunan sabara da Faransanci? Haka dai na lallaɓa na karɓo takardar, saura Gwaggo ta dangwala yatsa.

Da na kai mata sai ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce in karanta mata. Da na zo kan sunanta da lambar gida sai ta dafe ƙirji.

"Wato ke da hannunki kika kai musu sunana? Har da ƙofar gida?"

"Gwaggo, wannan ce za ta kare ki."

"Uwata ma sai da aka rubuta sunanta."

Wata guda ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Ni ma na yi fushina, na daina zuwa. Mahaifina ne ya shirya mu ranar Sallah, bayan ya yi min faɗan da ban ga dalilinsa ba. Takardar na cikin jakata har yau, ba a dangwala ba.