Da Aka Nemi Kashina Don Yayana

Ranar kasuwar Filingue ce, ina kan keken ɗinki, ɗan yayana ya kira ni daga Yamai. Babansa ya daɗe kwance a asibiti. Aiki aka yi masa a ƙafa, aka yi ta ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙafar ta warke, ciki kuwa ya lalace, zawo ya ƙi tsayawa har mutum ya koma kamar karan gero.

"Baba, likita ta ce a samo ɗan'uwa mai lahiya," in ji shi.

"Jini ake so?"

Ya ce, "A'a. Kashi."

Na ce ya sake faɗi. Ya sake. Na kashe wayar, na zauna ina kallon rigar da ke ƙarƙashin allura.

Mu a Kurfai, yankinmu na Filingue, tun muna yara ake hana mu barin gashi ko farce inda maƙiyi zai tsinta. Ni da yayana kuwa, tun da aka raba gonar mahaifinmu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma sama-sama. Yanzu ga gidansa na neman abin da ya fito daga cikina. Zuciyata ta ce sammu ne: za a kwashe ciwonsa a ɗora mini.

Washegari na hau babur zuwa ƙauyen gwaggonmu, tsohuwar da ba ta bar addinin kakanni ba, ana zuwa wurinta in iska ta taɓa mutum. Ta saurare ni tana tsince wake.

"In sammu suka so yi maka, sai sun kira ka sun hwaɗa maka? Makewayinka ko ƙohwa ba shi da ita."

Na ce to mene ne amfanin ƙazanta ga marar lafiya? Ta ce ba ta sani ba. Amma ta sha ganin makiyaya, in saniya ta daina tuƙa, su ciro abin da ke bakin mai lafiya su cusa mata, ta tashi. "Ka tahi," ta ce. "Amma kar ka ba kowa a hannu sai likitar, kuma ka bi shi da ido."

Na shiga motar Yamai da wannan shawara. Likitar mace ce mai magana a hankali. Ta ce akwai wasu ƙananan halittu a hanjin kowa da ke taya shi aiki, magani ya kashe na yayana, wata muguwa ta samu wuri ta mamaye. Na cikina ake so a zuba masa su kore ta. Sai ta hau tambaya: me nake ci, ina shan ƙwayoyin masu talla, na taɓa yin ciwon shawara? Kowace tambaya sai in ji kamar tarko. Aka ɗebi jinina, aka karɓi kashin gwaji, aka ce in jira sakamako. Kwanakin nan ban ci komai daga hannun matar yayana ba. Kullum in ce na ƙoshi, in zagaya bakin titi in sayi shinkafa.

Da aka ce na dace, sai matsala ta fito inda ban zata ba. Yayana ya ƙi. Na shiga ɗakin, na same shi ido ya faɗa, ya juya mini baya.

"Kai ka kawo wagga shawara, ko?" ya ce. "Don Kurfai duka ta ji an ɗura mini kashin ƙanena."

"Yaya, wallahi ni na zata kai ka shirya mini wani abu. Sai da na je wurin Gwaggo."

Ya juyo ya daɗe yana dubana. Ban ga alamar ya yarda da ni ba, ni ma ban gama yarda da shi ba. Amma ya gaji. Ya ce in rantse ba zan faɗi sunansa ga kowa ba, na rantse. Shi ya sa babu suna a wannan labari.

Da safe aka ba ni ɗan gwangwani mai murfi. Kunyar da na ji da na fito riƙe da shi ba ta faɗuwa. Wani ma'aikaci ya miƙo hannu, na ƙi, na ce sai likita. Ta karɓa, ta bar ni na tsaya bakin ƙofa ina gani aka dama shi da ruwan gishiri, aka tace, aka zuƙe a babban sirinji. Da za a saka masa ta ƙasa aka ja labule, na koma waje.

Kafin mako ya zagayo zawon ya tsaya. Ya nemi fura, ya shanye, ya ce a ƙaro. Bai yi mini godiya ba, sai dai ranar da zan koma gida ya sa ɗansa ya raka ni tasha.

Bayan girbi likitar ta kira ni. Akwai wani marar lafiya mai irin ciwon, ba shi da ɗan'uwan da ya dace, ko zan sake bayarwa? Na tambayi ko wane ne, ɗan ina ne. Ta ce ba a faɗi. Na ce namiji ko mace? Ta ce shi ma ba a faɗi. Wannan ya dame ni ƙwarai, na yi kwanaki ina juya maganar, na kuma tambayi wani malami ba tare da na ce ni ne ba. Ya ce ceton rai ne, bai ga laifi ba.

Na je na bayar, na sake tsayawa bakin ƙofa har aka gama tacewa. Mutumin ban gan shi ba. Likitar dai ta ce ya samu sauƙi, ya koma garinsu.