Ɗan Farina Da Haƙorin Da Na Ƙi Dubawa

Ina tsugune a bakin murhu ina juye kunun gyaɗa a filas, wanda za a kai asibiti, maigidana ya shigo bayan la'asar. Bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ce in ajiye kunun, mai shan ya riga mu gidan gaskiya. Na rufe filas ɗin a hankali, na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ban yi kuka ba. Matan unguwarmu ta Bagadaza da suka zo gaisuwa sun yi ta yabon haƙurina. Ba su san abin da nake ɗauke da shi ba.

Ni haifaffiyar Kwadon ce, aure ya kawo ni Gombe. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka a yi haƙuri da rubutuna. A gidanmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Haka na ga mahaifiyata ta yi, kuma da wannan kunyar nake tinƙaho. Wanda ya rasun ɗana ne na fari, tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, sai da ya tasa ya dawo hannuna. Adda yake ce mini, kamar ni yayarsa ce. Ni kuma yaron nan nake ce masa, har ya zama tela mai shagonsa a Tudun Wada, har ya yi aure. Kowace safiya zai biyo ta gidanmu ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani waje.

Cikin azumi ciwon ya fara, lokacin da ɗinkin sallah ya yi wa teloli yawa. A bakin matarsa na ji. Ta ce haƙorinsa na can ƙurya ya yi kogo, ko ruwan sanyi ba ya iya sha in an sha ruwa. Na ƙulla mata kanumfari da jar kanwa, na ce ya riƙa danna wa a wurin, ya kuskure baki da ruwan gishiri. Bayan 'yan kwanaki ta zo da murna ta ce ciwon ya ɗauke ɗif. Har tsokanata ta yi, wai ashe likita suke da ita a gida ba su sani ba. Na ji daɗi a raina, ban nuna ba.

Ba a yi mako ba kumatunsa ya kumbura. Na aika a ce a gasa masa da tsumma da ruwan zafi, shi kuma ya sayi ƙwayoyi a kyamis yana sha yana taka keke. Sai wata rana surukar tawa ta zo da hantsi, idonta ja. Yarinya ce 'yar mutanen Kano, ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba. Ta durƙusa ta ce Inna, don Allah in ce masa ya je asibiti. Ta ce ta yi magana har ta gaji, ya ce kayan mutane ne a gabansa, sai bayan sallah. Ta ce abokansa na shago ma dariya suke masa, wai ya ɓoye goro a kunci yana cin azumi. Ta ce duk duniya maganata kaɗai ba ya tsallakewa. Na ce mata ni ban saba shiga sha'aninsa ba, kuma mun taso muna ji ba a taɓa haƙori yana kumbure, a bari ya saɓe tukuna. Ta daɗe tana kallona, ta tashi ta tafi.

Washegari ya zo gaisuwa. Ya naɗe fuskarsa da ƙyalle. Muryarsa ta sauya, kamar mai magana da abu a baki, kuma ina jin yadda yake jan numfashi. Ya ce Adda, an tashi lafiya. Ina tsince wake a faranti. Wallahi zuciyata ta ce in ɗaga kai in ce ya kwance ƙyallen in gani. Amma akwai maƙwabta biyu a tsakar gida. Na ce lafiya lau, ya jiki. Ya ce da sauƙi. Ya ɗan jima a durƙushe fiye da yadda ya saba, sannan ya miƙe. Ƙafafunsa kawai na gani.

Kwana biyu bayan nan ya kasa haɗiyar yawu, bakinsa ya ƙi buɗuwa, zazzaɓi ya rufe shi. Aka kai shi asibiti. Ko a nan ban je ba. Ƙanwata na tura, ni na zauna ina dama kunun da ba zai iya sha ba.

Bayan an share makoki na sa ƙanwata ta faɗa mini duk abin da likita ya ce, kada ta rage komai. Ta ce ƙurji ne ya fito a saiwar haƙorin, mugunya ta taru a ciki. Ɗaukewar ciwon da na yi murna da ita ba sauƙi ba ne, jijiyar haƙorin ce ta mutu, cutar kuwa ta ci gaba da cin wurin. Da mugunyar ta rasa hanyar fita sai ta gangara ƙarƙashin haɓa da harshe, ta matse maƙogwaro, ta shiga jini. Likitan ya ce kanumfari da gishiri rage raɗaɗi kawai suke yi, gashi da ruwan zafi ba ya fitar da komai, ƙwayoyin kyamis su kaɗai ba sa isa. Dole sai an fitar da mugunyar, an gyara haƙorin ko an cire shi. Ya ce kumburi ba dalilin jira ba ne, shi ne ma dalilin gaggawa. Sannan ƙanwar tawa ta ƙara da cewa likitan ya tambaya ko babu wanda ya ga fuskar nan tun kwanakin baya.

Na san kwana idan ya ƙare babu mai ƙara shi, ban kuma ja da hukuncin Allah ba. Amma Allah bai hana ni ɗaga kai ba. Ban zargi iyayen da suka koya mini kunya ba, don ba su ce in bar ɗana ya mutu a ƙofar ɗakina ba. Ni ce na fifita idon maƙwabta.

Shi ya sa nake roƙon duk mai karanta wannan, kada a raina ciwon haƙori. Idan ya yi tsanani sannan ya ɗauke da kansa, a je a duba. Idan fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, a tafi asibiti a ranar, ko da jajibirin sallah ne. Ku kuma 'yan'uwana iyaye masu kunya irin tawa, ku dubi fuskar 'ya'yanku.

Da matarsa ta fita takaba ta kawo mini wata leda daga shagonsa. Atamfar sallata ce, ya yanka, ya haɗa rigar, saura hannu ɗaya. A cikin wuyan ya rubuta Adda da alli. Tana ƙasan akwatina yadda ya bar ta. Ina yi masa addu'a bayan kowace sallah, amma ko a nan yaron nan nake cewa. Na sha ɗaura niyyar in kira sunansa sau ɗaya, da ƙarfi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Har yau ban kira ba.