Adda Achta da Fararen Kwaɗinta

Daga Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Achta Oumar a gidanta da ke Poumpoumré, nan Garwa, bayan gajeruwar jinya. Ta koyar da kimiyya a lise, wato sakandare, har ta yi ritaya. Maƙwabciyata ce, aminiyata ce.

Adda Achta, kin san ni da ƙyamar kwaɗo. Ko a hoto na gan shi sai tsigar jikina ta tashi. Duk da haka wata rana da rani kika ja hannuna zuwa ciyawar bayan gidanki, bakin kududdufin da ya ƙafe. Kika nuna min wani ɗan abu manne a karan ciyawa, bai kai kan yatsa ba, fari fat kamar alli. Na ɗauka kashin tsuntsu ne. Kika yi ta dariya, kika ce kwaɗo ne, irin masu hawan ganye. Iyayen da damina suke kuka su yi ƙwai, rani na kankama su mutu. Ƙananan ne ke saura. Sai su naɗe ƙafafu, su yi fari don kada rana ta gasa su, ba ci ba motsi, har ruwan farko ya sauka. Na ce Allah Ya sawwaƙe, na koma gida na wanke hannu, alhali ban taɓa komai ba.

Tausayinki bai tsaya kan kwaɗi ba. Shekarar da 'yata Kausar ta faɗi jarrabawa, ke kika zaunar da ita a tabarmarki duk hutu kina koya mata, ko goro ba ki karɓa ba. Masu farautar gafiya kuwa sun san muryarki. Duk wanda ya doshi ciyawar nan da ashana sai kin yi masa wankin babban bargo.

Yanzu na san ƙyama ta gaske. Washegarin da aka kai ki makwancinki, ƙaninki Youssouf ya sa aka cinna wa ciyawar wuta. Da na yi magana sai ya ce min, "Adda, baƙi za su zo daga Figil da Marwa, ina za su ajiye moto? A ce gidan malama jeji ne? C'est sale, ƙazanta ce!" Wai girmama ki aka yi. Da rashin sani ne da na yi shiru, amma ya sha jin ki kina faɗar abin da ke cikin ciyawar. Muna zaune muna karɓar gaisuwa, toka tana sauka a kan mayafanmu, ƙauri yana shigowa, ana yabon tausayinki ana cin shinkafa. Ni dai loma ta gagare ni. A wannan lokacin ƙananan kwaɗin ko tsalle ba sa yi, a inda suke manne wutar ta same su. Tir da irin wannan karamci.

Saura ɗan zirin ciyawa ɗaya a jikin katanga, an ce za a ƙarasa shi kafin sadakar arba'in. Na je na tsuguna na duba da idona, suna nan a ciki.

Youssouf, ina yi maka ta'aziyya, kai da 'ya'yanta Fanta da Mahamman, da ɗalibanta baki ɗaya. Ina kuma roƙonka a bainar jama'a: bar zirin nan har ruwa ya sauka. Masu moto su ajiye baburansu a ƙofar gidana.

Allah Ya jiƙan Adda Achta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa tausayin da ta yi wa ƙananan halittunSa ya zame mata inuwa ranar da babu inuwa sai taSa. Mu kuma da ta bari, Ya ba mu haƙuri, Ya ba mu kunya. Amin.