Muryar Garba da Kokon Inna

Ni ba ɗan yawo ba ne, kuma ban taɓa zama ba. A Zongon Lome aka haife ni, ni ne auta a ɗakinmu, kuma in kun tambayi tsofaffin unguwa za su ce muku kullum ina tsakar gida gefen Inna, tana dama kokon sayarwa ina ba ta hira. Boko aji uku na yi na gudu. Abu ɗaya Allah Ya ba ni, kunne. In na ji mutum ya yi magana sau biyu, na ɗauke muryarsa ke nan. Hausar mutanen Nijar, ta 'yan Kumasi, ta Kanawa, duk ina yi. Mata masu zuwa sayen koko su yi ta dariya har su riƙe ciki, Inna tana cewa, "Auta, ka bar mutane da muryoyinsu." Da na ji maganarta.

Da wasa abin ya fara. Na kira wani da muryar surukinsa, ya tashi ya durƙusa da waya a kunne, aka yi dariya aka saya mini nama. Daga nan wasu mutum biyu, waɗanda ba zan faɗi sunansu ba, suka zo mini da magana. Akwai wani Alhaji mai siton albasa a unguwar Adidogomé, direbansa amintacce shi ne Garba, maƙwabcinmu, mai 'ya'ya huɗu. Suka ce in yi saƙon murya a waya da muryar Garba, in gaya wa mai tsaron sito cewa wayar Garban ta faɗa ruwa, motarsa kuma ta lalace, wata mota za ta zo a loda mata. Ban ko fita daga gida ba. A bakin ƙofar ɗakina na yi shi da safe, na tura.

Aka loda albasa, ta ɓace. Garba aka fara kamawa, don mai tsaron sito ya rantse muryarsa ce. Ya yi makonni a tsare. Ina jin kukan matarsa ta katanga, ina cin tuwona. Sai da aka kama mutanen nan biyu da sauran buhuna a Baguida, can gefen Lome, suka ambace ni. Kotu ta ba ni shekara uku. Na ce ƙarya suke mini, Inna kuma ta yarda, ta bi gida gida tana rantsuwa ɗanta bai aikata ba.

A gidan kaso akwai wani dattijo da ya daɗe har ake ce masa Metir, kamar lauya, don ya san hanyar kotu. Ya ce mini, "Ɗana, yi apel. Ɗaukaka ƙara ke nan. Me suke da shi a kanka? Murya. Muryar kuwa ta Garba ce, ko matarsa ba za ta musa ba." Na ce to shi Garban fa? Ya ce, "Kai ne ubansa?" Na dangwala yatsa a takarda.

Bayan kwanaki lauyan da aka ba ni ya zo, fuskarsa ba daɗi. Ya ce mai gabatar da ƙara shi ma ya ɗaukaka, yana cewa shekara ukun ta yi kaɗan. Da ni kaɗai na yi, in ji shi, ba za a iya ƙara mini ba. Yanzu manyan alƙalai suna iya sakina, suna iya ƙara mini. Na koma wa Metir, ya ce, "Au, ban gaya maka wannan ba?" ya ci gaba da ɗinkin tabarmarsa.

Yara, ban san tsoro ba sai a watannin nan. Hukuncin farko ka san girmansa, ka fara cinye shi kwana kwana. Wannan ba shi da baki. Kowace safiya in mai gadi ya fito da takarda yana kiran sunayen masu zuwa kotu, sai in kasa kunne ko zan ji nawa. Na ga wanda ya tafi yana dariya da shekara biyu, ya dawo da biyar bai iya cin abinci ba. Ni da bakina ba ya hutawa, na koma kamar kurma.

Ranar ta zo. Alƙalai uku a sama, ta tsakiya mace ce mai tabarau, ga tafinta a gefe. Garba yana zaune a baya, ya rame, don tun lokacin babu wanda ya sake ba shi mota. Inna tana benci na biyu da carbinta. Lauya ya raɗa mini, "In an tambaye ka, ka ce ba kai ba ne. Kada ka ƙara ko kalma."

Aka kunna saƙon da lasifika. Muryar Garba ta cika ɗakin, ni kaina sai da na waiwaya in gani ko shi ke magana. Amma can ƙasan muryar, nesa, kunnena ya kama abin da ban taɓa lura da shi ba, don a ƙaramar waya ba ya fita. Ƙarar ludayi a bakin tukunya, sau biyu. Sai wata siririyar murya: "Auta, kokonka zai huce."

Alƙalan ba su jin Hausa. Tafinta muryar sama kawai yake bi. Na ɗauka ni kaɗai na ji, sai na dubi benci na biyu. Carbin ya tsaya a hannun Inna. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai take. A wurinta na gaji kunnen.

Mai tabarau ta ce a sake kunnawa, ta karkata kai tana saurare. Na ga in ta tambayi muryar wace ce a baya, za a taso da Inna gaban mutane a rantsar da ita. Ko ta yi ƙarya da furfurarta saboda ni, a koma kan Garba, ko ta ɗaure ɗanta da bakinta. Tafinta ya ce, "Ana tambayarka, muryarka ce?" Lauya ya taka mini ƙafa. Na ce, "Ni ne. Garba bai san komai ba." Na faɗe shi da muryata, kuma ita ce ta fi wuyar fitowa.

Bayan mako biyu aka karanta hukunci. Sun ƙara mini shekara ɗaya, sun kuma rubuta cewa Garba ba shi da hannu. Na yi huɗun cif.

Da na fito, gidan Garba na fara shiga kafin namu. Na durƙusa. Ya ce, "Na yafe don Allah. Amma kada in sake jin kaina a bakinka." Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban ga laifinsa ba.

To ku samari, ku da waya ba ta barin hannunku, ku ji ni. Ba sai ka haura katanga ba kafin ka zama ɓarawo, ni daga bakin ƙofar ɗakina na yi. Duk wanda ya yabi wata baiwarka yana rage murya, ka tashi daga wurin. In kuma ka riga ka faɗa, kada ka ɗauki ƙaryarka ka kai kotun sama, can sun fi saurare da kyau. Ka tuba tun abin yana ƙarami.

Inna ba ta taɓa tayar mini da maganar ranar nan ba. Washegarin fitowata ta ajiye mini kwano a bakin ƙofar ɗaki, ta tsaya kamar za ta kira ni, sai ta ƙwanƙwasa ƙofar kawai ta koma wurin tukunyarta. Har ta rasu, ƙwanƙwasawa take yi.