Tarin da na yi a zauren ansifekta

Shekarar da na ci konkur, jarrabawar shiga aikin gwamnati, aka tura ni koyarwa Azagor. Ni kam raina ya so wurin tun ban gan shi ba. Nakan zauna gindin iccen bedin gidanmu ina hango fili shimfiɗe a zuciyata, raƙuma na tafe kamar ba su da gaggawar komai. Inna kuwa kuka ta yi. Ta ce ɗiya mace can arewa, ba dangi, ba wanda zai ce mata sannu in ta kwanta ciwo.

Sai aka kira Kawu, yayan Inna, wanda shi ne ya san ƙofar manya a danginmu. A Dakoro ba a kai irin wannan roƙo biro, wato ofis. Gida ake zuwa gaisuwa bayan la'asar, da ɗan abu a hannu. Muka ɗauki cuku muka nufi gidan ansifekta, mutumin da ke raba malaman lakwal, wato makarantun boko, a yankinmu, kuma yake bin sawun aikinsu.

A hanya Kawu ya ce, "Ke dai ki yi shiru, ki sadda kai. In na taɓo zancen ƙirji, ki ɗan yi tari."

"Kawu, ai lafiyata lau."

"To wa ya ce ba ki da ita? Tari kawai na ce."

Ansifekta ya karɓe mu a zaure, ya zuba mana shayi da kansa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, har damina aka tambaya. Sannan Kawu ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, ɗiyarka ce aka jefa Azagor. Kai ma ka sani, can ba wurin zaman mutum ba ne, sai dabbobi da masu bin su. Ga ta da ciwon ƙirji."

Na yi tarin. Sau biyu ma, na biyun ya fi fita da kyau.

Ansifekta ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, "Alhaji, can aka yanke mini cibiya. Tsohuwata na can yanzu haka, kuma ba ta taɓa cewa ita dabba ce ba." Dariya ya yi, Kawu ya taya shi da wadda ba ta kai ciki ba.

Ya juyo gare ni. "Madam, in ciwo ne, likitocin gwamnati za su duba ki, su ne ke da ta cewa, ba ni ba. In na cire ki, wata zan tura wadda ba ta da kawu. Ajin nan tun bara ba malami. In aika ki wurin likita?"

Madam ya ce da ni, sunan malamai mata da na yi shekaru ina mafarkin ji. Na rasa inda zan sa idona, sai na zuba su kan saƙar tabarma.

"A'a, Mushe," na ce, yadda ake kiran malami namiji. "Zan tafi."

Kawu ya yi gaba, na bi shi har gida. Inna na tsaye bakin ƙofa tana tambaya ko an dace, ya ce ta tambayi ɗiyarta, ya wuce masallaci.

Ranar kasuwa na hau bayan mota tsakanin buhunan hatsi. Wata tsohuwa ta matsa mini wuri, ta tambaye ni ko ni ce sabuwar malamar. Na ce ni ce, a hankali, ina addu'ar kada ta kasance mahaifiyar ansifekta.